Kwalin da Muka Yi Wata Goma Sha Huɗu Muna Gadi

Cikin duk abin da ya same ni a shekarun da na yi ina aiki a Madina, in aka ce in ɗauki guda ɗaya da ba zai taɓa fita daga raina ba, labarin wani kwali zan ɗauka. Har yau in na tuna shi sai takaici ya taso mini, rabi a kan mutanen da na yi wa aiki, rabi a kan kaina.

Ni mai gyaran kayan sauti ne. A Kano na koyi aikin, daga baya na samu takardar zuwa wani shago a Madina inda ake sayar da lasifika, makirfo, amfilifaya da irin fiyanon nan na lantarki da Larabawa ke kira org. Mai shagon Bahaushe ne ɗan ƙasar Saudiyya, kakansa ne ya zo aikin Hajji bai koma ba. Dattijo ne mai sanyin hali, a unguwar Khalidiyya yake zaune, Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ya waladi, wato ɗana. Yana da ƙane da ya yi ritaya daga aikin ofis tun da ƙarfinsa, ba shi da abin yi sai ya zo shago ya miƙe ƙafa yana latsa waya. Shi Ammi nake ce masa, wato baffana da Larabci. Bai san bambancin makirfo da tocila ba, amma babu maganar da za a yi a shagon bai sa baki ba.

Akwai wani makaɗi da ya fi shekara ashirin yana hulɗa da shagon, tun kafin in zo. Shi ma a Madina aka haife shi, iyayensa mutanen Damagaram ne. Shi ke kaɗa org a bukukuwan aure na mutanenmu, ya yi musu na Hijaz, in an jima ya juya ya yi musu na gida har dattawa su miƙe. Kawu nake ce masa. Shi ne mutum na farko da ya kai ni gidansa a garin, lokacin ban san kowa ba, ya zaunar da ni na ci tuwo da miyar kuka. Org ɗinsa kuwa ya tsufa tukuf. Na canza masa maɓallai, na canza waya, na liƙe abin da zai liƙu, har ya zama babu inda hannuna bai taɓa ba a cikinsa.

Wata ranar Lahadi bayan la'asar ya shigo da fara'a, ya miƙo mini waya. Wani kamfani ne ya yi sanarwar zai fitar da org na musamman don cikar shekarunsa, mai ruwan zinare, an zuba masa kiɗe-kiɗen ganga na yankin nan, guda ɗari huɗu kacal a duniya, kowanne da lambarsa a jiki. Kawu bai ko kalli launin ba. Gangunan yake ta kunna mini yana kaɗa kai.

"Ka ji wannan? Shekara nawa ina haɗa shi da hannu, ga shi sun saka a maɓalli ɗaya. Baba, in za a ba ku, a rubuta sunana."

Baba ya kira wakilin kamfanin a Jidda a gabanmu. Aka ce shagonmu zai samu guda ɗaya. Baba ya ajiye waya ya ce, "Halas, shi ke nan, in ya zo naka ne." Ni na ɗauko littafi na rubuta sunan Kawu da hannuna, muka yi musabaha.

Bayan mako biyu tsohon org ɗinsa ya mutu gaba ɗaya. Allon da ke cikinsa ne ya ƙone, kuma canza shi zai ci kuɗi da yawa. Ya tambaye ni shawara, na ce masa kada ya ɓata kuɗinsa, sabo na hanya. Ya yarda da ni, ya sayar wa wani ɗan Sudan gawar don kayan gyara. Ga shi hutun makarantu ya kusa, lokacin da ake jera bukukuwa, kuma ya riga ya karɓi aiki a wurare da dama.

Ranar da kwalin ya iso da hantsi, na sa hannu na karɓa, na ɗauko wuƙa zan yanka tef ɗin in gwada kafin in kira Kawu. Sai na ji ihu a bayana.

"La! La! Kada ka taɓa!"

Ammi ne ya taso har takalminsa ɗaya ya fita. Ya fizge wuƙar daga hannuna kamar zan yanka ɗansa. Ya nuna wa Baba waya. Ashe duka ɗari huɗun sun ƙare tun ranar da aka buɗe sayarwa, kuma a shafukan da ake cinikin kayan hannu farashin ya riga ya ninka biyu. Wanda ba a buɗe kwalinsa ba ya fi tsada.

Na ce, "Ammi, ai an yi wa mutum alkawari."

Ya ce, "Alkawarin baki? Ya ba da arabun, kuɗin kafin alƙalami? Bai ba da ko halala ɗaya ba. Kai aikinka gyara ne, ka bar mana kasuwa."

Na juya na kalli Baba. Ya ɗauki carbinsa, ya ajiye, ya sake ɗauka. Can ya ce, "A ɗan jira mako ɗaya mu gani. In ya tambaya, ka ce masa bai iso ba tukuna."

Saura wata biyu a sabunta mini iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, kuma sa hannun Baba ake bukata. Wannan shi ne uzurin da na ba kaina a lokacin, na kuma riƙe shi gam. Da yamma Kawu ya kira, na ce masa kayan na kan hanya, jirgi ne ya yi jinkiri. Ban san daga ina na samo maganar jirgin ba, ita ta fito da kanta.

Daga ranar kwalin nan ya zama mai gidanmu. Aka kai shi ɗan ofishin ciki inda teburin aikina yake, don nan ne na'urar sanyaya ɗaki ta fi ƙarfi. Ni aka mayar da ni baya, kusa da ƙofar sito, inda zafin Madina ke shigowa kai tsaye, ga ƙarfen dalma a hannuna. Ammi ya sayo katako aka ɗora kwalin don kada ya taɓa ƙasa. Ya rufe shi da bargo sabo. Ya hana shan shayi a ofishin, ya hana turaren wuta, har Baba da ke da shagon sai ya fito waje ya sha gahawarsa a tsaye. Ranar Juma'a muna rufe, amma sanyi na kunne saboda kwali. Akwai ranar da wuta ta ɗauke na minti ashirin, na leƙa na tarar da dattijon mutum da gemunsa yana yi wa kwali fifita da kalanda.

Mako ɗaya ya zama wata. Farashi ya kai ninki uku. Waya ba ta hutawa, daga Riyad, daga Dammam, har daga Kuwait. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, duk cikin masu kiran nan ban ji mutum ɗaya da ya tambayi yadda sautinsa yake ba. Lamba nawa ne? Tef ɗin na asali ne? Kusurwar kwalin ta lotsa? Wani ya taso takanas daga Jidda a jirgin ƙasa, ya zo da tocila ya yi rabin awa a durƙushe yana duba hatimi. Na tambaye shi wane irin kiɗa yake yi, ya yi dariya ya ce shi dillalin filaye ne. Ya taya, Ammi ya ƙi. Duk wanda ya taya, sai Ammi ya ƙara a kai, yana cewa in wannan ya yarda da haka, na gobe zai fi shi.

Kawu kuwa duk mako sai ya leƙo. Ya koma hayar org a wurin wani mutum a Bi'ir Ali, ya je ya ɗauko da safe, ya mayar washegari, rabin abin da ya samu ya tafi a haya da tasi. Kuma ba nasa ba ne, babu kiɗe-kiɗen da ya yi shekaru yana tarawa a ciki. A wani biki abin ya ɗauke ana tsaka da shigo da ango, aka tsaya cirko-cirko, dangin amarya suka yi masa magana mara daɗi a gaban jama'a. Shi ya ba ni labari da bakinsa, yana zaune a kan kujerar roba a bakin teburina, kwalin na bayan bango, bai fi taku huɗu tsakaninsu ba. Ya ce, "Babu komai, in namu ya zo duk wannan ya wuce." Na ce in sha Allah. Na sunkuyar da kai ina ta goge wani makirfo da ba ya bukatar gogewa.

Sau biyu na samu Baba shi kaɗai na yi masa magana. Ya ce, "Ya waladi, na sani. Amma ka ga ƙanena ya sa ransa, in na saɓa masa za a ji mu har gida." An sabunta mini iƙama a tsakanin nan, amma ban daina ƙaryar ba. Ta riga ta yi tsawo, ban san ta inda zan yanke ta ba.

Ammi ne ya tona mu da kansa. Wani mai saye ya nemi hoton lambar da ke jikin kwalin, sai ya sa ni na ɗaga bargon ya ɗauka, ya kuma saka hoton a shafin ciniki. Bayan kwana uku Kawu ya shigo da safe, ko sallama bai ƙarasa ba. Ya ajiye wayarsa a kan teburina, ya buɗa hoton da yatsu biyu. Ga kwali, ga lamba, ga hannu riƙe da bargo, da tabon ƙunar dalma a bayan babban yatsa.

"Wannan hannun waye?"

Na kalli hoton. Hannun na kan tebur, kusa da wayar.

Ya wuce ciki wurin Baba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ga kuɗin da kamfani ya sa, har zai ƙara wani abu a kai don wahalar ajiya. Ammi ya amsa kafin Baba ya buɗe baki, ya ce kasuwa ce ke yanka farashi, in yana so ya biya abin da ake tayawa. Kawu ya ce, "Ba da kai nake ba." Ya tsaya yana kallon Baba. Baba ya kalli ƙasa ya ce, "Ma'alesh, ya akhuya, ka yi haƙuri ɗan'uwana." Kawu ya ɗauki wayarsa ya fita. Bai tafi shi kaɗai ba. Makaɗan garin ba su da yawa kuma sun san juna, cikin wata biyu aikin gyaran da ke zuwa mini ya ragu sosai. Ammi ya ce kada mu damu, ribar kwali za ta rufe duka.

Wajen wata na takwas wakilin kamfanin ya zo Madina ziyara, ya biyo ta shagon. Da ya ga bargo da katako sai ya dafe kai. Ya zauna ya ba mu labarin abin da suke ciki. Ya ce da farko a kamfani murna aka yi, kaya sun ƙare a yini ɗaya, sunansu ya zaga ko'ina ba su biya kuɗin talla ba. Amma duk ƙarin da ake yi a kan farashi aljihun dillalai yake shiga, su ko kwabo ba su gani ba, sai zagi. Makaɗan da suka yi shekaru suna sayen kayansu sun rasa, suna ta tsine musu a intanet, wasu sun koma wurin abokan hamayya. 'Yan damfara sun fara fesa wa tsofaffin samfura fenti mai ruwan zinare suna buga musu lamba, waɗanda aka cuta kuma kamfani suke kawo wa ƙara. Sannan ya rage murya ya ce, "Shawarata ku buɗe shi ku gwada, ku yi masa rajista tun garanti bai ƙare ba. Wasu daga ciki an samu matsala a allon rubutu. Kuma in ni ne ku, zan sayar a wannan watan."

Yana fita Ammi ya kwashe da dariya. Ya ce, "Kun ji wayo? So yake mu karya farashi ya turo wani ya saye."

Na ce, "Ammi, mutumin nan a cikin kamfanin yake."

Ya ce, "Shi ya sa ban yarda da shi ba."

Na koma bakin ƙofar sito na zauna.

Bayan kamar wata uku kamfanin ya fitar da sabuwar sanarwa. Org iri ɗaya sak, gangunan nan duka a ciki, an gyara matsalar allon, baƙi ne ba mai ruwan zinare ba, babu lamba, babu iyaka, kuma ya fi na farkon sauƙin kuɗi. Duk wanda ke son kiɗa ya samu abin da yake nema. Waɗanda suka ɓoye nasu a kwali suka fito da su lokaci ɗaya, kowa na son ya riga wani. Shafin da a da sai ka yi mako ba ka ga guda ɗaya ba, ya cika da su. Wayar shagonmu ta yi tsit. Ammi ya ce girgiza ce ta ɗan lokaci, na asali na asali ne. Ya kira dillalin filayen nan ya ce ya amince da tayinsa na baya. Mutumin ya ce shi ma yana da biyu yana neman mai saye.

Muka ƙara wata uku a haka. A ƙarshe wani malamin makaranta daga Yanbu ya zo, yana son launin ne kawai, ya ce zai biya kuɗin asali amma sai an buɗe ya ji da kunnensa. Baba ya miƙo mini wuƙa da kansa, wannan karon Ammi bai hana ba. Na yanka tef, muka fito da shi. Gaskiya yana da kyau, sai ƙyalli yake. Na jona wuta na danna. Rabin allon ya kawo haske, rabin ya tsaya baƙi ƙirin, rubutun ciki kamar an zuba masa ruwa. Malamin ya yi mana godiya ya kama hanyarsa.

Na kira wakilin. Ya ce garanti ya ƙare wata biyu da suka wuce. Kamfani ya canza wa duk wanda ya yi rajista allon kyauta, kuma kayan gyaran masu ruwan zinaren daidai adadi aka yi su, sun ƙare. Sai dai a sa na baƙin. Kwana tara na yi a kansa, don mazaunin allon bai zo daidai ba sai da na yi fiƙa. Da na gama ya yi aiki lafiya lau, amma ga baƙin faci shimfiɗe a tsakiyar zinare. Masu tara kayan ado ba sa so don an buɗe an taɓa, makaɗa ba sa so don sabo baƙi ya fi shi araha ga garanti. Ammi ya daina zuwa shago, ya ce gwiwa ke damunsa.

Wata rana bayan azahar Baba ya kira ni ya ce, "Ɗauki abin nan ka kai masa. Ka ce ya ba da abin da ya sauwaƙa, ko kada ya ba da komai. Ni ba zan iya haɗa ido da shi ba."

Na sa shi a tasi na tafi. Kawu ya buɗe mini ƙofa, ya amsa sallamata, ya shigar da ni falo. A gefe ga nasa baƙi a kan ƙafafunsa, daga wani shago a Jidda ya sayo. Na isar da saƙon Baba. Ya sa na jona masa, ya zauna, ya ɗora yatsu ya yi kiɗa na kamar minti biyu, irin na gida. Wannan ne karo na farko da wani ya kaɗa org ɗin nan tun da aka ƙera shi. Sai ya kashe.

"Ka iya aiki," in ji shi. "Mayar masa, ka ce na gode."

Na fara ba shi haƙuri, ina kawo maganar iƙama, ina cewa umarni aka ba ni. Ya ɗaga hannu.

"Su 'yan kasuwa ne, sun ga riba sun bi, wannan tsakaninsu da Allah. Kai fa? Da ka ce mini, Kawu, ya zo amma sun hana, wa zai kore ka a kan wannan? Da tun makon farko na nemi wani na saya, ban ci mutuncin da na ci a gaban mutane ba. Sau bakwai na zauna a gabanka. Na ƙirga."

Ya taya ni ɗaukar org ɗin zuwa bakin titi, ya tsayar mini da tasi. Muna gaisawa yanzu in mun haɗu a masallaci ko wurin jana'iza, amma bai sake kawo mini gyara ba.

Na koyi abu biyu a wannan lamari. Na farko, duk kayan da tsadarsa ta dogara ga cewa kaɗan aka yi, wanda ya ƙera shi na iya ƙara yin wani gobe da safe, ba zai nemi izinin mai ajiya ba. Tun daga lokacin in na ga ana rububin abu, tambayar da nake yi ita ce, cikin masu rububin wa zai yi aiki da shi. Na biyu ya fi mini ciwo. Ba ni da ikon sayar wa Kawu org ɗin, wannan gaskiya ne, amma ina da ikon gaya masa halin da ake ciki, kuma shi kaɗai yake bukata daga wurina. Yanzu in mai gida ya ce in ce kaya bai iso ba alhali ya iso, sai in miƙa masa wayar in ce, "Baba, ga shi, faɗa masa da kanka."